Yadda ake fitar da littafin Hausa a Yamai

Ka gama rubuta labarinka, yana cikin waya ko kwamfuta, kana ɗokin ganinsa a takarda. Dakata tukuna, kada ka nufi madaba'a. Mai injin bugawa ba ya gyaran rubutu. Abin da ka miƙa masa shi zai fitar, da kurakuransa duka, kuma kai za ka biya.

Da farko ka tsayar da irin Hausar da za ka rubuta. Nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Nijar tana da ƙa'idar rubutun Hausa da hukuma ta tsayar a 1999. A cikinta ana rubuta ƴaƴa da ƴ mai ƙugiya, su kuwa mutanen Najeriya 'y suke sawa. Duk wanda ka ɗauka, ka riƙe shi daga shafin farko har na ƙarshe. Sai batun karin harshe. Mutumin Tawa "tahi" da "hita" zai ce, na Kano ya ce "tafi" da "fita". Ni dai a ganina, mai ba da labari ya bi daidaitacciyar Hausa, amma idan tsohuwar Adar, wato yankin Tawa, ta buɗe baki a cikin labarin, a bar ta da Adarancinta. In ka sa mata bakin Kano, mai karatu na Tawa zai gane ba ita ba ce tun a layin farko.

Daga nan ka ba wanda ya san ƙa'ida ya bi rubutun da jan biro: malami mai koyar da harsunan gida, ko ɗalibin ilimin harsuna na Jami'ar Abdou Moumouni. Shi zai kama maka "ya na" da ya kamata a haɗe, da "kasa" inda kake nufin "ƙasa". Aboki "Masha Allah" kawai zai ce maka, ba shi kake nema ba.

Kafin rubutun ya fara yawo a WhatsApp, ka kai shi BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa, a yi maka rajista.

Sai ka zaɓi hanya. Ko ka kai wa gidan wallafa irin Gashingo, da ya saba da harsunan gida, ko ka buga da kuɗinka. In gidan wallafa ne, karanta yarjejeniya a natse: kwafi nawa za a buga, kashi nawa ne naka, shekara nawa littafin zai zauna a hannunsu. Ka tambayi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai alƙaluma 13, wadda ake sawa a bayan bango.

In da kanka za ka buga, kada ka kai fayil ɗin Word. Mayar da shi PDF, domin a wata kwamfutar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ sukan rikiɗe su koma ƴan akwatuna ko alamar tambaya. Girman A5, wato rabin takardar ofis ta A4, ya dace da littafin labari. Ka sa yawan shafuka ya rabu da 8 ko 16, saboda haka ake naɗe babbar takarda. In ba haka ba, za ka biya kuɗin farin shafi. Ka nemi kwafin gwaji guda ɗaya, ka karanta shi duka, har bango da sunanka, sannan ka sa hannu a buga sauran.

Kada ka cika ɗaki da littafi a bugun farko, buga kaɗan ka ga kasuwa. Ka ware wasu kwafi kyauta don masu sharhi da masu shirin Hausa a rediyo, kamar Muryar Sahel, makonni kafin ranar ƙaddamarwa, ko a Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda za ka yi ta ko a farfajiyar makaranta. Duk mai shagon da ka bar wa littafi bashi, a Yamai ne ko Tawa, rubuta adadin da ranar a takarda, ku biyun ku sa hannu.