Sauya tsangayar shari'a: daga Tawa zuwa Yamai, ko tsallakawa Kano

'Yan Damagaram da dama da ke karatun shari'a suna Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ne ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Idan larura ta sa za ka bar wannan ka koma waccan, ka bari sai ka kammala shekararka babu bashin darasi ko ɗaya a kanka.

A tsarin LMD, wato lisans, masta da dakta, ana auna karatu da kiredi: kowane zango kiredi 30 ne, shekara 60, lisans 180 cikin zango shida. Darasin da ka ci da kanka, wato ka samu 10 bisa 20 ko fiye, kiredinsa ya zama naka. Wanda ba ka kai 10 ba amma makin wani darasi ya ɗauke maka, kwamitin da zai duba takardunka na iya ƙin lissafa shi, balle wanda ka faɗi. Kuma jerin darussan ba lallai ya zo ɗaya ba, sai ka tarar abin da ba a koya maka ba tukuna, can sun wuce shi tun bara. A nan ne ake mai da ɗalibi baya shekara guda. Lokaci mafi sauƙi shi ne ƙarshen shekarar farko, ko bayan lisans idan za ka shiga masta. Shekara ta uku ta fi wuya, domin a nan ake yawan raba ɗalibai tsakanin dokar da ta shafi hukuma da wadda ta shafi mu'amalar mutane.

Ka fara da inda za ka je. Rubuta wa shugaban tsangayar wasiƙar neman karɓa, ka faɗi dalilinka a taƙaice. Haɗa da takardar makin kowane zango, shaidar BAC, takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa, duk kwafi masu hatimin ofishin magajin gari ko na 'yan sanda. Na asalin su zauna a hannunka. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne manhajar darussan da suka yi, da yawan sa'o'in kowanne, alhali da ita kwamitin ke auna karatunka. Ka kuma duba sunanka harafi bayan harafi. Mahamadou a wannan takarda, Mamadou a waccan, ya isa a jingine fayil ɗinka.

Kada ka janye rajistarka sai amsar karɓa ta zo a rubuce. "Zo kawai, za a duba" ba amsa ba ce. Kalandar jami'o'in ba ta cika tafiya tare ba, ana iya rufe rajista a can sakamakonka bai fito a nan ba. Idan amsa ta zo, ka mai da littattafan laburare, ka sanar da ANAB, hukumar ba ɗalibai tallafi, idan kana karɓar kuɗin tallafi, ka sake neman ɗaki a can, domin na da ba ya bin ka.

Kano ta fi Yamai kusa da mu 'yan Damagaram nesa ba kusa ba, shi ya sa iyaye ke yawan tambayar Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello a Zariya. Can da Turanci ake karatu, dokarsu ta samo tushe daga Ingila, digirin shekara 5 ne, sannan a wuce makarantar horar da lauyoyi. Tamu daga Faransa ta samo tushe, dokar kasuwancinmu kuma ta OHADA ce, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijeriya ba ta ciki. Mai tafiya can ya shirya wa farawa kusan daga tushe, kuma idan a Nijar zai yi aiki, sai ya nemi a daidaita masa digirin bayan ya dawo.

Ziyarar bincike ta fi dacewa da mai masta, musamman kan gado, aure ko filaye, inda fiƙihun Malikiyya ya haɗa mu da su. Ka bar rajistarka a jami'arka ta gida, ka karɓi wasiƙa daga malamin da ke duba aikinka, ka samu malami a can da ya yarda ya karɓe ka kafin ka hau motar Matamaye.