Jakar ko-ta-kwana ga mai komawa gida a ƙafa cikin sanyin Kanada

'Yan uwa da ke Kanada, ranar da dusar ƙanƙara ta tsayar da bas, ƙafa ce mafita. Ku ajiye ƙaramar jakar goyo a wurin aiki, kada nauyinta ya wuce kilo 3.

Safar ulu ta canji ita ce kan gaba, a ƙulle cikin leda. Ban da ta auduga, don tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar ƙafa kuwa nan take sanyi ke cin ta. Sai hula mai rufe kunne, mayafin wuya, da safar hannu marar rabe-raben yatsu, ta fi ɗumi. In ma'aunin sanyi haɗe da iska ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Waya da batirin caji a sa su a aljihun ciki, sanyi na zuƙe caji. Tocilan goshi, tunda a Disamba a yawancin garuruwa kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi. Shayi mai zafi rabin lita a filas, da dabino ko gyaɗa.

Yatsa in ya yi fari ya mutu, don Allah kada a murza shi. A cusa shi a hamata, a shiga shago mafi kusa.