Kurakuran da ke ɓata khal ɗin gida, da yadda za a gyara

Karon farko da na haɗa khal da bawon abarba, a jarkar roba na ɗura, na murɗa murfi tam, na tura lungun kicin. A kwana na huɗu jarka ta kumbura ta yi suntum. Ina taɓa murfin ruwa ya yi tsiri har silin. Inna ta leƙo tana toshe hanci, ta ce, "Ke 'yar nan, me kike dafa mana haka?" Na ce, "Khal ne, Inna." Ta ce to Allah ya kyauta.

Rufe murfi tam ɗin nan shi ne babban kuskuren, kuma yawancinmu da shi muke farawa, don mun saba da zoɓo da kunun aya, waɗanda ake rufewa a kai firij. Khal ba haka yake ba. Zango biyu yake yi. Da farko yis ɗin da ke jikin bawon yana cinye sukari, ya mayar da shi barasa, yana fitar da iska, ita ce kumfar da kike gani. Daga nan wasu ƙwayoyin bakteriya su karɓi aiki, su juya barasar ta koma tsami. Tun a shekarun 1860 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa rayayyun halittu ne ke wannan aiki na zango na biyu, kuma ba sa yin sa sai da iska. In kin toshe baki kin shaƙe su, abin ya tsaya a rabin hanya, rabin hanyar nan kuwa giya ce, ba abin da muka nufa ba. Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, hadisin yana cikin Sahihu Muslim, to sai a bar shi ya kai inda ya zama khal ɗin.

Gyaran ba wuya. Nemi kwalba ko bokitin roba mai faɗin baki, kar ki cika shi, ki rufe da ƙyallen tatar koko mai tsabta, ki ɗaure da roba. Iska ta shiga, ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace su tsaya a waje. Kafa ɗaya suka samu, bayan mako za ki tarar da tsutsa.

Sai sanyin garinmu. Wadda ta koya miki daga Abuja za ta ce nata ya yi cikin mako uku, ke naki a Jos ya haura wata yana nan kamar ruwan wanki, sai ki zubar. Kar ki zubar. Ƙwayoyin nan sun fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 25 zuwa 30, mu kuwa muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, daren Disamba da Janairu kowa ya san yadda yake. Ni a kan kanta kusa da murhu nake ajiye nawa, in naɗe jikin bokitin da tsohon bargo, in bar bakin. Ban da shanyawa a rana, hasken rana kai tsaye ba ya yi musu daɗi. A hunturu ki ba shi mako shida zuwa takwas kafin ki yanke masa hukunci.

Kan sukari ana kuskure ta fuska biyu. Mai tsimi ta sa cokali biyu, ta samu ruwa salam mai saurin lalacewa. Mai hannun kyauta ta juye rabin mudu, ya ƙi ƙarewa. Giram 100 a lita ɗaya ta ruwa, wato babban cokali takwas, ya wadatar. Ruwan famfo kuma in yana warin kulorin, a tafasa shi ya huce tukuna.

Abin da ya fi sa mutane zubar da khal mai kyau shi ne rashin gane abin da ya taso a sama. Idan kin ga wani abu mai santsi, fari-fari, kamar tantani, yana kauri a hankali, wannan uwar khal ce, alamar aiki ya yi. Ki lallaɓa ta, kar ki riƙa jijjiga bokitin, in ta nutse sai wata ta sake tasowa. Ki ɗebe ta da ɗan ruwanta ki ajiye, ita za ta rage miki jira a haɗi na gaba. Amma idan abin busasshe ne mai gashi-gashi, kore ko baƙi, fumfuna ce, kuma ba a kwashe sama a ci gaba. A zubar duka, a wanke mazubin da ruwan zafi. Kusan kullum bawon da ya taso ya sha iska ne ke jawo ta, shi ya sa nake danne nawa da ƙaramin faranti na tangaran, ina juyawa sau ɗaya a rana a makon farko. Da kumfa ta lafa, wajen kwana 7 zuwa 10, a tace bawon a yar, ruwan kaɗai zai ci gaba.

Tukunyar dalma da ta ƙarfe, a'a. Tsamin yana cin su, ɗanɗanon ya ɓaci.

Abarbar da ta ruɓe ma kar a yaudare ki da arharta a kasuwar Taminus. Nunanniya ake so, a wanke ta kafin a fere.

Yaushe ya yi? In warin barasa ya ɓace gaba ɗaya, tsami ya riƙa dukan hanci, zaƙi ya tafi. A nan ne ake tacewa a ɗura a kwalba a rufe tam, don in an bar shi a buɗe ƙwayoyin za su koma cin tsamin da kansa, ya salance. Ki yi kwaɗo da shi, ki jiƙa nama, ki wanke ganyen salak. Sai dai na kanti an auna tsaminsa, yawanci kashi 5 cikin 100 ne, naki kuwa ba a auna ba, don haka in za ki adana albasa ko kokwamba na watanni, ki sayi na kanti.