Yadda ake bibiyar jini da lafiyar jaka mai ciki

Jaka tana ɗaukar ciki wajen wata 12, wata ta haihu a wata 11, wata kuma ta kai 14. A Mairuno da Gadarif na Sudan yawanci ba a kwance ta daga karo, wato amalanke, sai ciki ya tsufa, ga shi jaki dabba ce mai ɓoye ciwo. Ba ya birgima da kafta kamar yadda doki yake yi. Sai dai ka gan shi tsaye, kai a ƙasa, kunnuwa sun saki, yana tura baki cikin harawa ba ya haɗiya. A jaka mai ciki, wannan kaɗai ya isa a nemi likitan dabbobi a ranar.

Dalili shi ne kitse. Idan jaka ta rage ci, ɗan cikinta bai daina ja ba, sai jiki ya fara narkar da kitsen da ya tara ya zuba shi cikin jini, fiye da abin da hanta za ta iya sarrafawa. Hanta ta cushe, ƙoda ta biyo baya, ci ya ƙara raguwa. Kwana biyu zuwa uku sun isa abin ya yi nisa, kuma da yawa ba sa tashi idan an makara. Mai ƙiba ta fi ramammiya shiga haɗari, haka wadda take watanni ukun ƙarshe ko take shayarwa. Abin da yake kunna shi kan zama ƙarami: doguwar tafiya a mota, ciwon haƙori, sauya abinci farat ɗaya, ko raba ta da jakin da ta saba da shi.

Kafin a kai ga jini, mai jaka ya san lambobi uku. Zafin jiki ta dubura digiri 36.5 zuwa 37.8. Bugun jini a ƙarƙashin muƙamuƙi 36 zuwa 52 a minti. A ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Numfashi 12 zuwa 28. A auna da sassafe, don jakar da ta sha ranar Afrilu a bakin kasuwa za ta ba da lambar ƙarya. A ɗaga leɓe a danna dasashi da yatsa: launin ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Dasashi fari fat ƙarancin jini ne, rawaya kuma ta sa a zargi ciwon kaska ko hanta.

Jini a ɗiba tun tana lafiya, a tsakiyar watannin cikin, a ajiye takardar sakamakon. A sake a wata na tara, sannan duk ranar da ta ƙi ci. Takardar farko ta fi kowane jadawali amfani, domin da ita za a gane abin da ya sauya.

Ana ɗiba daga jijiyar wuya, a kashi ɗaya cikin uku na sama. Tsakiyar wuyan jaki akwai tsoka mai kauri da ta rufe jijiyar, shi ya sa wanda ya saba da doki yake ta soke-soke bai samu ba. Allura mai lamba 18 ko 20, mililita 10 ya wadatar. A cire allurar daga sirinji kafin a zuba, a bar jinin ya gangara ta jikin kwalba. Kwalba mai murfi shuɗi-ja, wato ta EDTA mai hana jini daskarewa, a juya ta a hankali sau takwas, kada a girgiza. Mai jan murfi a tsayar da ita a inuwa har jinin ya daskare. Girgiza da zafi suna fasa ƙwayoyin jini, ruwan ya yi ja, sakamakon fotasiyam da AST, wato sinadarin hanta da tsoka, ya haura babu ciwon komai. Idan kuma aka bar ruwan a kan ƙwayoyin sa'o'i da yawa, sukari zai sauka. A sa kwalaben cikin kula, da tsumma tsakaninsu da ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin sa'a biyu ko uku. Injin ɗakin gwajin mutane yana auna waɗannan abubuwa daidai, sai dai kada a karanta da iyakokin mutum da aka buga a gefen takarda, ko na doki.

Ko babu inji, a ɗaga kwalbar a haske bayan ta kwanta. Ruwan saman na jaka mai lafiya garai yake. Idan ya yi fari kamar madara, kitse ya riga ya cika jini, ba a jiran sakamako.

A takarda, kitsen jini da ake rubutawa TG kada ya wuce miligiram 250 a desilita. Yakan ɗan hau a ƙarshen ciki, amma idan ya kai 500 a jakar da ba ta cin abinci, magani ake farawa. PCV, wato yawan jajayen ƙwayoyin jini, tsakanin kashi 27 da 42 cikin ɗari. Idan ya faɗi ƙasa, a duba jinin a madubin likita don sammore da ƙwayoyin kaska, a kai kashinta a nemi ƙwan tsutsa. Kada PCV mai kyau ya ruɗe ka game da ƙishi, jaki yana riƙe ruwan jininsa har sai ya bushe sosai. Furotin gaba ɗaya giram 5.8 zuwa 7.6 a desilita, kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, miligiram 0.6 zuwa 1.3. GGT, wato sinadarin hanta, na jaki dama ya fi na doki, har wajen 70 ba abin tashin hankali ba ne. Waɗannan iyakoki daga jakunan Ingila aka samo su, don haka ɗan kaucewa a jakar karo mai cin kara ba ciwo ba ne sai an haɗa da yadda take.

Idan kitse ya hau, aikin farko shi ne ta ci. A gwada ɗanyen barsim, wato ciyawar alfalfa, ciyawar bakin kogi, jiƙaƙƙiyar dusa da ɗan sukari, a hannu, kaɗan-kaɗan kowace sa'a biyu. Kada a yi mata ɗura da kwalba, ruwan kan faɗa huhu. Likita zai zura roba ta hanci ya ba da gulukos da ruwa, ko ya ɗaura ta jijiya, ya kuma nemo abin da ya hana ta ci tun farko.

Watanni ukun ƙarshe a kwance ta daga karo, a ƙara barsim ko harawar gyaɗa sannu a hankali. Dusa zalla tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, ba ta isa ita kaɗai ba. A hana ta tohon dawa da abu sab'in, wato dawar da ake shukawa don dabbobi, ɗanye shakaf, saboda gubar da ke cikinsu. Mai ƙiba kuma kada a ce za a rage mata ƙiba da yunwa a wannan lokaci. Allurar tetanus a yi ta saura sati huɗu zuwa shida ta haihu, domin ɗan ya samu kariya ta dakashi. Bayan haihuwa, mabiyiya ta faɗo cikin sa'a uku, kuma a ci gaba da duba cinta safe da yamma, don farkon shayarwa ma lokacin hawan kitse ne.