Yadda ake haɗa samfurin bawul ɗin jirgin ƙasa mai tururi a kan allo

Tunda aka fara maganar layin dogon da zai taso daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya iso Maradi, yaran da nake koyarwa ba su bar ni na huta ba da tambayar yadda kan jirgi ke tafiya gaba ya kuma koma baya ba tare da giya ba. Jirgin da ya shiga Kano a 1911 na tururi ne, kuma amsar tambayar tasu tana cikin sandunan da ke gefen ƙafafunsa. Da baki ba ta fahimtuwa, sai an haɗa a kan allo an juya da hannu.

Sandunan nan su ke motsa bawul, wato abin da ke buɗe wa tururi hanya ya kuma rufe ta. Tsarin da zan nuna na Egide Walschaerts ne, mutumin Beljiyam, wanda ya fito da shi a 1844. Akwai na Stephenson, amma kar ka fara da shi, kayansa yawanci a ɓoye suke tsakanin ƙafafu. Na Walschaerts komai a fili yake.

Ka nemi falanki shimfiɗaɗɗe mai tsawon santimita 80, da siraran katako na yin sanduna, da ƙusoshi masu noti, da wosha da yawa. Ragowar yanka a wurin kafinta ta isa, ni ban taɓa sayen sabon katako don wannan ba. Amma kafin ka taɓa zarto, yanka komai da kwali ka gwada. Wanda ya tsallake kwali zai yanka katako sau biyu.

Ƙafar jirgin faifai ne mai faɗin santimita 20. Ka kafa babbar ƙusa santimita 4 daga tsakiyarta, kenan fistin zai yi tafiyar santimita 8. Silinda zana ta kawai za ka yi, a buɗe kamar an tsaga ta, da ƙofofin tururi biyu a samanta. Fistin da sandarsa da dogon hannun da ke haɗa su da ƙafa, wannan ba sai na faɗa ba, duk wanda ya ga injin niƙa ya san shi. Bawul guntun katako ne da ke zamewa a kan ƙofofin. Ya zarce kowace ƙofa da milimita 4 in yana tsakiya.

Bawul ɗin nan motsi biyu yake karɓa a haɗe. Na farko daga fistin, ta wata sanda da ke rataye, wadda nake kira sandar haɗi. Rami uku gare ta: na sama na bawul, na biyu milimita 15 a ƙasansa, na uku santimita 12 a ƙasan na biyu, shi ne ake haɗawa da kan sandar fistin ta wani guntun hannu. Ɗaya bisa takwas kenan, shi ya sa tafiyar fistin ta santimita 8 ke zama santimita 1 a wurin bawul. Motsi na biyu daga ƙafa yake zuwa, ta wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsaga da ke lilo a kan ƙusa a tsakiyarsa. Yarana jinjirin wata suke ce masa, ni ma na bi su.

A nan ne kowa ke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Na farkon da na yi, murfin tukunya na ɗora na zana lanƙwasar jinjirin, don na ga ta yi kyau a ido. Allon ya yi ta juyawa, yara na tafa hannu, amma ƙarya yake nunawa. Lanƙwasar ba ado ba ce. Sandar da ke tashi daga tsagar jinjiri zuwa rami na biyu na sandar haɗi, in tsawonta santimita 20 ne daga rami zuwa rami, to da buɗin santimita 20 za ka zana tsagar, ba ƙari ba ragi. Hanya mafi sauƙi: yi sandar tukuna, kafa ƙusa a rami ɗaya, sa fensir a ɗayan, ka ja. Sannan ka bi tsagar da magagari a hankali har guntun katakon da ke yawo a ciki, wanda sandar ke maƙale da shi, ya riƙa zamewa ba tare da girgiza ba. Wannan kaɗai ya kan ci mini yini guda.

Sai ƙaramin hannun da ke kan babbar ƙusar ƙafa, wanda ke kaɗa jinjirin. Za ka ji ana cewa a sa shi a digiri 90, sai mutum ya auna da ido ya ɗaure. Ba haka ba. Kai fistin ƙurewar gaba. Tsayar da jinjiri a inda in ka yi sama da ƙasa da guntun da ke cikin tsaga bawul ba ya motsi, ka danne shi a nan. Ja layi daga tsakiyar ƙafa zuwa ramin ƙasan jinjiri, sannan ka ja wani da ya gitta shi a digiri 90 daidai a tsakiyar ƙafa. A kan wannan na biyun ne bakin ƙaramin hannun zai zauna, santimita 2 daga tsakiya. Yanzu ne za ka auna sandar ƙasa, wadda za ta haɗa bakin ƙaramin hannun da ramin ƙasan jinjiri, ba kafin nan ba. Kuma hannun nan a liƙe yake da ƙusar, ƙusar a liƙe da ƙafa. In ya ɗan juya ko kaɗan aikin ya lalace, don haka sa noti biyu da gam.

Gwajin kenan da nake yi wa kowane allo: fistin a ƙurewar gaba, a motsa guntun daga sama har ƙasa, bawul ya tsaya cik, ƙofar gaba a buɗe da kamar milimita 1. A juya ƙafa rabin zagaye a sake, ƙofar baya ta yi haka. In bawul ya yi rawa a ƙurewa ɗaya kawai, ƙaramin hannun ne bai zauna daidai ba. In ya yi a duka biyun, sake duba tsawon sandar ƙasa da lanƙwasa.

Sauran ba wuya. Sa wosha tsakanin sanduna don kar su ci karo, waɗanda ke gittawa a ɗaga su hawa-hawa. Hannun direba sanda ce da ke ɗaga guntun ko ta sauke shi: gefe ɗaya gaba, ɗaya gefen baya, kusa da tsakiya kuma tururi na yankewa da wuri, shi ne yadda direba ke tsimin gawayi da ruwa. Kar ka sa mai a tsagar, da hunturu ƙura za ta maƙale ta zama laka. Goga kyandir ko bakin fensir. Shafa jan fenti a inda tururi ke shiga, shuɗi a inda yake fita, ka ba yaro ƙafar ya juya da kansa.