Wasan Jaka Don Buɗe Bakin Yara

Ga masu kula da yara 'yan shekara 3 zuwa 5, ina ba da shawarar a zuba ƙananan kayan da suka saba gani a cikin jaka, kowane yaro ya sa hannu ba tare da leƙawa ba, ya bayyana abin da ya taɓa kafin ya fito da shi. Idan ya ce "cokali" kawai, malama ta maimaita da ƙari: "Cokali ne na ƙarfe, mai sanyi." A ganina wannan ya fi gyara masa magana a gaban sauran yara, domin gyaran yakan sa mai kunya ya kame bakinsa. A ba shi lokaci ya nemo kalmarsa da kansa, kuma kada rukunin ya yi yawa har jiran layi ya gundure su.