Yadda ake shiga rukunin binciken kemistiri a jami'a

Mai neman digiri na uku a kimiyyar sinadarai, sai ya fara zaɓen farfesa kafin jami'a. Shekara huɗu ko biyar za ka yi a hannun mutum guda: ɗakin gwaje-gwajen nasa ne, shi ke samo kuɗin sayen sinadarai, kuma sai da sa hannunsa za ka kare kundinka.

Ka fara da karatu. Shiga Google Scholar, shafin neman maƙalolin bincike, ka ɗauko maƙalolin rukunin farfesan na shekara uku da suka wuce, ka dubi jerin marubuta. A kemistiri, sunan farko yawanci na ɗalibin da ya yi aikin da hannunsa ne, na ƙarshe mai alamar tauraro kuma na farfesa. Idan ɗalibai daban-daban na zuwa a farko, alama ce ana ba kowa aikinsa. Sannan ka leƙa shafin rukunin ka ga tsofaffin ɗalibai: shekara nawa suka yi, ina suke yanzu.

Mataki na biyu shi ne sanin ƙofar shiga, don ba ɗaya ba ce. A Amurka sashen kemistiri ake nema, akasari ana rufewa cikin Disamba. Za a buƙaci takardar sakamako, wasiƙun shaida uku daga malamanka, bayanin manufa, da jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS idan ba a yafe ba. Digiri na farko ya isa. Shekarar farko darussa ne da koyar da ƙananan ɗalibai, a cikinta kuma ake zaɓen rukuni. A Jamus kuwa akasari farfesa ne ke ɗauka kai tsaye, kuma yawanci sai da digiri na biyu. Tallafin bincike na DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, shi ma yana son wasiƙar amincewarsa tukuna.

A wurin imel mafi yawa ke faɗuwa. Saƙon da aka tura wa farfesa hamsin iri ɗaya, daga layin farko ake gane shi a share. Naka kada ya wuce sakin layi uku. Ka ambaci maƙala guda ta rukunin, ka faɗi abin da ya ja hankalinka a cikinta, ko tambayar da ta bar maka. Ka faɗi abin da hannunka ya iya: ka taɓa tace sinadari da kwalam (bututun gilashi na tacewa), ka iya karanta sakamakon NMR (na'urar gano tsarin sinadari), ka yi aiki da HPLC (na'urar rarrabe sinadarai)? Kada ka rubuta na'urar da gani kawai ka yi, domin a hira za a ɗora maka sakamako a ce ka fassara. Idan a sashenku aikawa ake yi da samfur wani wuri don babu na'urar, ka faɗi haka. Ba abin kunya ba ne. Ka haɗa da takardar tarihin karatunka, shafi biyu. In mako biyu ya wuce shiru, ka tunatar sau ɗaya.

Wanda ya gama digiri na uku yana neman gurbin bincike, ya fara wata tara zuwa shekara kafin kare kundi. Farfesa ya fi saurin amsa wa mai zuwa da kuɗinsa. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana ba da wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da gamawa ba. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai ana rufe shi a Satumba, kuma sharaɗi ne kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata.

Ranar hira ka yi tambayar kuɗi ba kunya: daga ina alawus ɗin zai fito, shekara nawa aka tabbatar, me zai faru idan tallafin ya ƙare kafin ka gama? A rubuta amsar a takardar ɗauka. Bayan haka ka nemi ɗalibai biyu ku zanta ba a gaban farfesa ba. Sau nawa yake ganinsu, awa nawa ake yi a mako, akwai wanda ya bar rukunin bai gama ba? Amsar wannan ta ƙarshe ta fi kowace nauyi.

Idan an ɗauke ka, makon farko na horon kariya ne, kada ka ɗauke shi cika ƙa'ida. A Disamban 2008, a Jami'ar California da ke Los Angeles, wata matashiyar mai bincike tana ɗibar tert-butyllithium da sirinji, sinadarin da ke kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska. Sirinjin ya kwance, ba ta sanye da rigar ɗakin gwaji, ta rasu bayan kwana 18. Saboda haka kafin ka buɗe kowace kwalba ka karanta takardar bayanin haɗarinta, ka san inda shawar gaggawa da abin kashe gobara suke, kuma duk aikin da ba ka taɓa yi ba, ka sa wani babba a rukunin ya tsaya a kanka karon farko.